'Yan Rikiɗan Yaya

Ni dako na yi a Funtua tun ina saurayi. Da kaka ina lodin auduga, in auduga ta ƙare in koma buhunan masara da dawa. Yayana kuwa gyaran keke yake yi a bakin tasha. Shi ne mai hannu a gidanmu, ni ƙarfi kawai aka ba ni. Mu biyu ne a wurin Inna, mahaifinmu ya daɗe da rasuwa.

Ciwon ya fara masa ta ƙafa. Da farko yana jan ta dama, daga baya ya kama sanda, daga sanda ya koma tabarma. Mun kai shi asibiti a Malumfashi, mun bi masu magani a ƙauyuka, ya sha rubutu har ya gaji. Ba wanda ya faɗa mana sunan abin. Wani ma'aikacin asibiti dai ya ja ni gefe ya ce irin wannan ba ya tsayawa a ƙafa, hawa yake yi. Ban gaya wa Inna ba. Shi Yaya bai buƙaci a gaya masa ba. Kullum da safe yakan ɗaga hannuwansa ya ƙura musu ido, ya lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Da ya daina zuwa tasha sai ya daina magana. Abinci ma sai Inna ta yi ta roƙo kafin ya kai loma biyu. Ya juya fuska ga bango, akwatin kayan aikinsa na gefe yana tsatsa.

Bayan canjin kuɗi da 'yan shekaru ne abin ya zo hannuna. Akwai wani Ibo mai sayar da gwanjo a kasuwa, haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ni nake ɗaukar masa dila, kekensa kuma Yaya ke gyarawa a da. Wani lokaci in ya kwance dila yakan tarar da kayan wasan yaran Turawa a aljihun riguna ko a ƙulle cikin leda, yawanci a karye. Ran nan ya miƙo mini wata 'yar mota ja ta roba mai tauri, taya uku gare ta, ya ce in kai wa Injiniya ko zai saka mata ta huɗu. Haka yake kiran Yaya.

Na kai, na ajiye kusa da kansa, na fita. Da na dawo da la'asar na same shi a jingine da bango, motar a hannunsa. Ya ce in matso. Ya ja ƙofar motar, sai ta zama hannu. Ya ja ɗaya ƙofar, wani hannun. Ya karya bayanta gida biyu ya miƙar, ga ƙafafu. Ya ɗaga murfin inji, kai ya fito, da ido shuɗi da ɗan ƙaho a goshi. Ya tsayar da shi a kan akwati. Mutum ne sosai, da faffaɗan ƙirji.

Yaya ya yi dariya. Na manta rabon da in ji ta. Ya kira Inna ya nuna mata. Ta yi a'uziyya ta ja da baya, sannan ta ce ya sake yi ta gani. Ranar ya cinye tuwonsa.

Mai gwanjo ya ce a ƙasar Japan ake yin su, wai akwai zanen yara a talabijin inda suke tashi suna faɗa da juna. Mu ba mu da talabijin, ba mu taɓa gani ba. Yaya ya sa musu suna 'yan rikiɗa. Daga nan duk wanda ya faɗo daga dila nawa ne. Mai gwanjo har wurin 'yan'uwansa 'yan kasuwa yake tambaya, a Malumfashi da Zariya. Ba a samun su da yawa, kuma ban taɓa kawo lafiyayye ba. Wani ba hannu, wani ba taya, wani rabin jikinsa kawai. Akwai jirgin sama mai fiffike ɗaya, akwai motar yaƙi, akwai wanda har yau ban san mene ne shi ba.

Yaya ya buɗe akwatinsa. Taya yakan yanka ta daga tsohon silifa, ya huda, ya zura wayar ƙafar keke. Hannun wannan ya ɗaura wa wancan. Jirgin ya samu fiffike na gwangwanin madara, kuma yana naɗewa daidai da na asalin. Nakan bi masu fentin mota a tasha in karɓo ragowar fenti a murfin kwalba, shi kuma ya shafa da gashin kaza. Bai bar ko ɗaya da launin da ya zo da shi ba. Ya ce tunda sun zo Funtua sai su yi shigar Funtua.

Babbansu wata doguwar mota ce da ta zo ba baya, gaba da tayoyi kawai. Ya yi mata bodi irin na motocin katako da muke lodawa, da tsinken ashana da gwangwanin kifi, ya yi mata rawaya da kore, ya zana furanni a ƙofa. Ya cusa mata auduga ta gaske a baya. In ta rikiɗa, bodin yakan koma bayan mutumin kamar ya goyi kaya. Ya ce wannan ni ne, ƙato mai ɗaukar kayan mutane. Ya hana ni taɓa shi, wai yatsuna kamar taɓarya suke.

Abu ɗaya ya nuna mini da ban manta ba. In za a mayar da mutum mota, kan ne ƙarshe. Ana tura shi ciki, ɗan ƙahon nan ya shiga wani rami a ƙarƙashin murfi, ka ji ƙas. Wannan ƙas ɗin shi ke riƙe ƙofofi da gaba da baya. Kusan dukkansu haka aka yi su.

Inna ba ta da kwanciyar hankali da su. Tun tana yarinya ta san cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da mutum-mutumi, ga shi kuma ɗakin majinyaci ne. Yaya ya ce mata mota ba ta da kai, ba ta da ido. Suka yi yarjejeniya. Da safe zai tashe su su tsaya, kafin magariba zai mayar da kowa mota, in kuma aka yi sallama ya rufe su da zane. Haka aka yi ta yi. Wannan ya zama aikinsa, kuma shi ne ma'aunina. In na dawo na tarar duk sun koma motoci yana jira na da tsokana, hannu na lafiya. In na tarar da saura a tsaye yana fama, gumi a goshinsa, sai in wuce bayan gida in daɗe ina wanke ƙafa. Ba ya son a taya shi.

Da damina zazzaɓi ya kama shi da hantsi, mai tsanani, har ba ya gane mutane. Na goya shi zuwa tasha, muka tafi Malumfashi. Ba wanda ya tuna da 'yan rikiɗa. Suna tsaye a jere a kan akwati kamar yadda ya tashe su da safe. Ni na zauna da shi a asibiti, Inna tana zuwa tana komawa gida.

Muna da kawu, ƙanin Inna, manomi a Gozaki. Mutumin kirki ne. Tun da Yaya ya kwanta yake zuwa a kan keke duk ranar kasuwa, da ƙwan zabi a cikin ƙwarya. Bai taɓa ganin komai ba sai motoci, ko zane a rufe. Wannan karon ya zo ba ma nan, ya shiga ɗakin ya ga mutane a tsaye suna kallonsa. Inna ta faɗa mini daga baya cewa hawaye ya yi. Ya ce yaro na tsakanin rai da mutuwa, an tare wa rahama ƙofa. Ta gaya masa ai suna komawa motoci. Ya zauna ya yi ta juya su har la'asar, ita ma ta gwada, ba wanda ya iya. Bai so ya zubar da su ba, don ya ga aikin da aka yi musu. Sai ya yi abin da ya san ana yi wa mutum-mutumi. Ya ɗora wuƙa a wuta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cire kawunan, a hankali, bai ƙona ko fenti ba. Inna ta zuba kawunan a murhu.

Zazzaɓin ya sauka, na dawo da Yaya gida a goye. Kawu na nan yana jiranmu. Na kwantar da Yaya, idonsa ya tafi kan akwati. Ya daɗe yana kallo.

Kawu ya ce, "Ɗana, ban ɓata maka komai ba. Kan kawai na cire. Motocinka na nan yadda ka san su."

Yaya ya ce, "Na gode, Kawu. Ya hanya?"

Suka gaisa, suka yi hirar damina da takin da ya yi wuya. Da Kawu ya fita alwala, Yaya ya ce in miƙo masa babban. Ya naɗe ƙafafu, ya naɗe hannuwa, ya rufe murfi. Ba ƙas. Ya ajiye a tabarma, motar ta buɗe da kanta, ƙofofi suka faɗi gefe, audugar ta zube. Ya gwada jar motar nan ta farko. Haka. Inna na tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu, ta gane abin da ya faru kafin a faɗa mata.

Yaya ya ce kada wanda ya gaya wa Kawu. Ya sa na yanko tsohuwar robar taya siri-siri na ɗaure kowace mota ta tsakiya, don in Kawu ya leƙo ya ga motoci. Har Kawu ya bar duniya yana ganin ya yi mana alheri, kuma ban iya cewa bai yi nufinsa ba. Na nemi wanda zan yi fushi da shi ban samu ba.

Na koma wurin mai gwanjo. Ya ce kaya sun yi wuyar shigowa, dilolin da ake samu yanzu ko maɓalli ba a mantawa a aljihu. Ya yi cigiya har Kano. Ba a samu ko ɗaya ba.

Yaya bai sallama nan da nan ba. Ya ce bawul ɗin keke zai iya zama kai, in aka goge shi aka fitar masa da ɗan ƙaho, kuma ba ido ba baki, ba mai cewa komai. Ya ɗauki magagari zai goge bawul ɗin, ya suɓuce masa. Ya sake ɗauka, ya sake suɓucewa. Ban sani ba ko zazzaɓin ne ya cinye hannun, ko kwanakin da ya yi ba ya naɗe komai, ko dama lokacin ya yi. Na karɓa na goga yana gaya mini, na lalata bawul da yawa. Da aka samu wanda ya yi, yatsana ya ƙi shiga ƙirjin babban balle in ɗaure sabon kan da waya.

Inna ce ta ce a ba ta. Ta yi kaɗi duk rayuwarta, yatsunta sirara ne. Ta zauna kusa da shi, abin da ba ta saba yi da ɗan fari ba, yana cewa dama, hagu, a hankali, tana bi. Kwana da kwanaki suna yi. Ran da ta zura wayar ta riƙe, ya koya mata naɗewa, ƙafa, hannu, murfi. Ta danna, muka ji ƙas.

Ta miƙa masa tana murmushi ta ce ya tashe shi da kansa. Ya ɗora motar a cinya. Ya sa yatsa a ƙofa, yatsan ya zame. Ya sa hannu biyu, ya kasa jan ta. Ya kai ta baki zai ja da haƙori, sai ya fasa. Muna kallo. Ni da na ɗauki buhu biyu a kai ba ni da abin da zan ɗauka a nan.

Ya ce, "Bar shi a mota, Inna. Ya fi kyau a haka."

Daga ranar bai sake ɗaga hannuwansa da safe ya duba ba. Inna ta ci gaba da tashin babban kowace safiya tana mayar da shi kafin magariba, a gabansa, ko zai kalla. Wani lokaci ya kalla, wani lokaci bango. Abinci ya koma loma biyu. Na kawo masa fenti sabo, ja mai kyau, ya bushe a murfin kwalba. Ya ga kakar wannan shekarar, bai ga ta gaba ba.

Ƙananan na raba wa yaran unguwa da robarsu a ɗaure, ba su kwana biyu ba suka watse. Babban yana cikin akwatin kayan aikin Yaya, a ɗakina. Tsinken ashanar ya fara zubewa, audugar ta yi baƙi. Inna kaɗai ta iya tashinsa, ita ma ta tafi ban ce ta koya mini ba. Yana nan a mota.