Daƙiƙa Shida a Madubin Mai Aski

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, babbar 'yarka ta kira ni ta ce ka cika. Na daɗe zaune, maigida, ina kallon teburin da na shekara talatin da biyu ina yanka maka fim ina haɗawa a kansa.

Matasan yau ba su san yadda ka fara ba. Da ka ce za ka yi fim da harshen da iyayenmu ke ciniki da faɗa da shi, masu gidajen sinima dariya suka yi, wai wa zai baro gida don jin abin da yake ji a ƙofar gidansu? Ka ari kyamara ka saɓa a kafaɗa. Ranar da aka fara haskawa, wata tsohuwa ta miƙe a tsakiyar jama'a tana ba jarumar shawara da ƙarfi, kai kuwa kana bayan ƙofa kana share hawaye.

Saura-Kaɗan muka laƙaba maka, don sai ka shanya mutum ashirin a rana kana jiran haske ya sauka a bango yadda kake so, kana ta cewa saura kaɗan. Mun sha zaginka a zuci. Amma da idona ya fara rauni, aka ce ka canza ni, sai ka jawo kujera kusa da tawa kana karanta mini lambobin gefen fim, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekaranjiya 'yarka ta zo ɗakin aiki. Ta ce, “Kawu, Baba ya ɗauki fuskar kowa, tasa ce kawai babu. Me zan nuna wa yarana in sun girma?” Gaskiyarta. Ko hoton taro aka zo yi, sai ka karɓe kyamarar ka koma bayanta.

To, maigida, yau zan tona kaina. A fim ɗinka na farko, a shagon mai aski, ka manta da madubin bango, ka ɗauki kanka har daƙiƙa shida. Da ka gani, kunya ta kama ka, ka ce, “Yanke shi ka ƙona.” Yankewa na yanke, amma ban ƙona ba. A ambulan na sa shi, na tura ƙasan aljihun teburi.

Jiya na haska shi a bangon falonka. Ga ka nan matashi, ido ɗaya a kyamara, ka ɗaga hannu kana tsayar da mutane. Sai matarka ta ce a hankali, “Wannan rigar ni na ɗinka masa.” Sau goma sha ɗaya suka sa na maimaita.

Sau ɗaya tak na saɓa maka, kuma ban yi nadama ba. Ka yafe mini. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Matarka da 'ya'yanka da jikokinka, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Mu da ka bari, saura kaɗan mu ma, Allah Ya sa mu cika da imani.