Ƙwan Ɗakin Inna

Yayana ɗan fari ne, Inna kuwa Bafillatana ce ta gaske, don haka tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In ya kira daga Legas, inda yake aiki, sai ta miƙo min wayar ta kau da kai, ni ce mai kai gaisuwa, ni ce mai dawo da amsa. Har furfura ta fara fito masa ba su taɓa zama sun yi hira ba.

Da ya zo wata babbar sallah, sai ga shi da kwali cike da ƙwayayen lantarki irin waɗanda ake kunnawa da waya. Ya bi gidanmu na Gidan Igwai kaf ya canza, zaure, tsakar gida, madafa, har banɗaki bai tsira ba. Ya kafa wata 'yar na'urar intanet a saman kabad, ya manne kowane makunni da salatif, ya ce kada wanda ya ƙara kashewa daga bango. Na ce, "Yaya, gidan tsohuwa ne ko ofishin gwamna?" Ya yi dariya ya koma. Tun daga nan, kullum ana kiran magariba sai ƙwan ɗakin Inna ya kama da kansa. Yaya ne yake kunna mata daga can.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san zafin Sakkwato ba sai an yi masa bayani ba, bango kansa huci yake. Wutar gwamnati sai ta ga dama, abin da muka dogara da shi ɗan sola ne da batir tun na zamanin marigayi Baba. A da yana riƙe fankar Inna har gari ya waye. A wannan shekarar kuwa, in na biyo da safe kafin in wuce makarantar da nake koyarwa, sai in tarar da ita idanu jajur, ta jiƙa zani ta yafa, fanka a tsaye ƙiƙam. Ga ta da hawan jini, kuma likita ya sha gaya mana rashin barci ba abokin tafiyarta ba ne. Na tsorata ƙwarai.

Na ɗauko wani mai gyaran wuta daga Sabon Gari, mutumin Filato, ina zaton zai ce min batir ya mutu. Ya duba ya ce batir ya tsufa amma da sauransa. Muka kashe komai ta waya, gida ya yi tsit, amma allon inbata, na'urar da ke raba wa gida wutar batir, na nuna ana jan wuta. Ya sa na hau kujera na taɓa gindin ƙwan zaure, na ji shi da ɗan ɗumi.

"Hajiya, haskensa kawai ya mutu," in ji shi. "Kunnensa a buɗe yake, yana jiran umarnin waya. Abin da ɗaya ke sha kaɗan ne, amma ki haɗa na gidan duka da na'urar can, dare da rana."

Ya ce akwai sababbi da ba su cika sha ba in suna jira, sai dai bai gan su a kasuwarmu ba. Mafi sauƙi a mayar da na da, a ɓalle salatif, a riƙa kashewa daga bango.

Raina ya ɓaci, wallahi. Wato mutum yana can cikin sanyin ofis, kayan ƙawarsa na nan suna tsotse wa tsohuwa iska! Na aika aka sayo ƙwayaye na gama-gari, na bi ɗaki ɗaki ina kwancewa ina mita. Inna na zaune bakin gado da maficinta tana kallona, har na ja kujera tsakiyar ɗakinta na hau.

"Mi za ki yi ma wanga?" ta ce.

"Cire shi zan yi, Inna. Su ne ke shanye miki batir."

"Bar shi nan."

Na ce mata ko na bar shi kaɗai, dole na'urar ta zauna a kunne, kuma wata rana fanka za ta iya tsayawa kafin asuba. Na tuna mata da maganar likita. Har na ɗaga murya, abin da ba na yi mata.

Ta ajiye maficin ta ce, "Zahin ga, cikinai aka haihe ni. Amma in wutar ga ta kama, na san wancan ya tashi aiki, ya kai gida lahiya. In kin cire ta, wa za ni tambaya?"

Na sauko hannu wayam. Tausayinta ya kama ni, da haushin wannan kunya tamu da ke hana uwa ta ce wa ɗanta ya kwanan gida. Na bar ƙwan da na'urar, sauran duka na tattara su a kwali. Fanka ta koma kaiwa asuba yawancin kwanaki, ranar da ta gaza kuwa Inna ba ta faɗa, sai dai in ga zani a shanye kan igiya.

Da yamma na kira Yaya don in sauke masa kwandon faɗa. Da ya ji maganar hawan jini sai ya rikice, ya ce in cire har nata, lafiyarta ta fi komai. Na ce ai ta hana, na maimaita masa abin da ta ce, kalma kalma.

"Ashe tana lura?" ya ce. "Ni na ɗauka ko ɗaga kai ba ta yi."