Fulofin Malam Mahadi

Malam Mahadi ɗan Rawayya ne, amma a Gusau ya yi aikinsa. Shekara goma sha takwas yana buga tafireta a wani ofishin wayar da kan manoma. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, ofishin ya gaji tsofaffin kwamfutoci tara, aka raba su tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Mahadi aka tura kwas Kaduna. Ya dawo da fulofi goma sha huɗu, ƙananan faya-fayan da ake zura wa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya har ta samu manhajar da za ta tashi da ita.

Fulofi na farko shi ya tsara da hannunsa, ya sa masa haruffan Hausa masu lanƙwasa domin takardun manoma su fita daidai. In kwamfuta ta rikice a Tsafe, sai ya ɗaure akwatin fulofin a bayan mashin, kafin la'asar ta dawo aiki. Har kasuwa mutane kan nuna shi.

A farkon daminar 1999 takarda ta zo daga sama: saboda fargabar kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar dubu biyu, a ajiye fulofi, a ɗora sabuwar manhaja daga faifan sidi guda. Injiniyar da aka turo, Madam Rut, ta duba na'urorin ta girgiza kai.

“Malam, shida ba su da wurin sidi, kuma ba za su iya ɗaukar sabuwar ba. Sito za a kai su.”

“To mutanen Tsafe da Bunguɗu fa? Mi za su yi aiki da shi?”

“Sai su riƙa kawowa nan.”

Ukun da suka rage sun tashi lafiya. Amma da Mahadi ya buɗe tsofaffin takardunsa, aikin shekara uku, duk inda harafi mai lanƙwasa yake sai wani ɗan akwati. Ya roƙi a bar masa ko kwamfuta ɗaya mai tsohuwar manhajar, shugaban ofis ya ce umurni ne. Rut ta kwana biyu tana fama, abin bai gyaru ba. Ta yi alkawarin samo haruffan a Kaduna, kafin ta samo aka canza mata wurin aiki.

Mahadi ya koma sake buga takardun, yana bin kowane shafi da biro yana ƙara lanƙwasa. Takardar sa taki ta manoman 'Yankuzo da ke yankin Tsafe ba ta fita ba sai da gero ya fara fid da kai. Lawali, malamin gonar yankin, ya karɓa ya ce, “Malam, wagga sai baɗi.”

A watan Disamba Mahadi ya nemi a mayar da shi sashen ajiye fayil, aka kuwa amince nan take.