Lamba Tara a Rumfar Na'Allah

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Na'Allah, nan bakin tashar Dakoro, ya san ba a yin gardamar gem, wato wasan na'ura, da shi a ci riba. Shagon ɗinkina bango ɗaya ne da rumfarsa, don haka ganau ne ni, ba jiyau ba. Mutum ne dogo, busasshe, mai taurin kan tsiya. Jarinsa tele ɗaya, wato talabijin, da tsohuwar PS2 wadda samari ke biya su buga ƙwallo a ciki, manet ɗinta, abin riƙewar da ake bugawa da shi, duk an naɗe da roba.

Da Zakiru, ɗan wani mai hatsi, ya buɗe tasa rumfar da PS4 sababbi fil daga Kano, samari suka kwashe suka koma can. Na'Allah ko a jikinsa.

"Da tsohuwar zuma aka magani," in ji shi. "Waɗanga sabbi kwalliya ce, ba gishiri. Ana ganin zuhwa bisa goshin ɗan wasa, to sai mi? Zuhwa ka cin ƙwallo?"

Ranar da Zakiru ya zo yana taƙama da wata ƙaramar na'ura ta riƙewa a hannu, wai duk wasannin duniya na ciki, Na'Allah ya dube ta a wulaƙance ya ce wasan da mutum zai yi shi kaɗai cikin tafin hannu, ai da shi da cin abinci a ɓoye duk ɗaya. Aka yi dariya, aka ce tsoho ya ƙi zamani. Haushin masu dariyar nake ji, don ni na san abin da ke cikin wannan tsohuwar na'ura.

Abdulmumini ne ɗansa na fari. Kunyar ɗan fari kuwa Na'Allah ya ɗauke ta da zafi, irin na mutanen ƙauyensu can wajen Ɗan Gulbi. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai "yaron nan". In suna magana, uban na kallon ƙasa, ɗan na kallon bango. Shi Abdulmumini ne ya kafa rumfar tun farko. Wata rana ya zauna ya ƙera ɗan wasa a cikin gem ɗin ƙwallon, ya yi masa tsawonsa, da launin fatarsa, da faɗin goshinsa, da askinsa, ya sa masa sunansa da lamba tara, ya adana a ɗan katin ajiya da ake cusawa a gaban na'urar. Abokansa suka ce kamar an tsaga kara.

Sannan ya bi 'yan haƙar zinariya zuwa Jado. Rami ya rufta da shi. Can aka rufe shi, wayarsa da hotunansa ba wanda ya san inda suka yi. A wajen zaman makoki mutane na ta yi wa Na'Allah gaisuwa, shi kuwa "sai haƙuri" kawai yake cewa, kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu. Washegarin sadakar bakwai ya buɗe rumfar, shi da bai taɓa riƙe manet ba.

Har yau bai iya bugawa ba. Abu ɗaya ya koya: da hantsi, lokacin da tasha ta yi shiru, sai ya sa na'urar ta buga da kanta, ya ja kujera dab da tele. Ta tagar shagona nake hango shi. In lamba tara ya karɓi ƙwallo sai ya miƙe zaune, in aka kayar da shi ya yi tsaki. In ya ci, aka nuno fuskarsa ta cika tele, Na'Allah ba ya ko ƙifta ido. Tausayinsa kan hana ni taka keke.

Bara, bayan girbi, na'urar ta daina karanta faifai. Ya hura, ya goge da gefen riga, ya kifa ta, a banza. Aka ce a Maraɗi akwai masu gyara. Ya naɗe ta cikin zanen matarsa Lami, na raka shi da yake ina da sayayyar yadi.

Mai gyaran saurayi ne mai fara'a, a wani lungu cikin kasuwa. Ya ce idon na'urar ya mutu, amma ba komai, yanzu a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake cusa wa kwamfuta, ake zuba wasanni, sai dai zai sa wani abu a katin ajiyar don kilen ya tashi.

"Da akwai abu ciki," in ji Na'Allah.

"Wane abu, Baba?"

Na ga bakinsa ya motsa. A gaban baƙo, a tsakiyar kasuwa, ya ce ɗansa na fari ne? Ya sunkuyar da kai.

"Na yara ne. A dai kula."

Na buɗe baki, ya harare ni. Muka tafi sayen yadi.

Da muka dawo, ga ƙwallo tana gudana a tele, sababbin riguna, sababbin 'yan wasa. Mai gyaran yana ta murna. Ya ce katin ya cika da tarkacen da, ya share shi tas don a samu wuri. Na'Allah ya bi 'yan wasan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, ya sake farowa. Ni na yi wa saurayin bayani. Ya juya wajen Na'Allah.

"Ku gahwarce ni, Baba, ban sani ba. Amma ana iya sake ƙera shi, yanzun nan. Ku hwaɗa mini kamanninshi. Hancinshi yaya? Idanunshi hwa?"

Na'Allah ya ɗaga hannu daidai tsawon yaron, ya tsaya nan.

"Ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa dubinshi da ranshi ba. Cikin tele nis san huskarshi."

Ya naɗe na'urar cikin zanen, muka nufi tasha. Har muka iso Dakoro tana kan cinyarsa.