Mai Ɗanɗana Ruwan Tsamiya

Jethu Tarapada, yayan mahaifina, bai taɓa yin kishi a kan matarsa ba. Matar tasa, Jethima, ce da bakinta take faɗa, ba kuma da sigar yabo ba. Shekara arba'in da aure, ko mai kifi zai share awa guda yana zuba mata surutu a ƙofar gida, Jethu ba zai ɗaga kai daga jarida ba. Amma a kan Baijnat mai sayar da puchka a bakin titi, wani ɗan Bihar mai kaurin gashin baki, na ga Jethu ya zabge har wuyansa ya yi tsawo.

Shekara talatin da uku ya yi yana aikin kwandasta a taram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, yana layi a tsakiyar titunan Kolkata da jakar fata a wuya. Aikin ya bar masa ƙafafun da ba sa gajiya da tsayuwa, da ɗan Turancin "ina za ka" da "sauka nan". Mutane ɗaruruwa ke miƙa masa hannu a wuni, babu mai kallon fuskarsa. A gida ma ba a cika tambayarsa ra'ayi ba, don Jethima tana da isasshe na mutum biyu. A duk faɗin birnin, wuri ɗaya ne ake jiran abin da zai fito daga bakinsa.

Ƙarfe biyar na yamma Baijnat yake kafa kwandonsa a bakin lungunmu a Bagbazar, gindin turken lantarki. Masu ci su kewaye shi, kowa da ɗan kwanon ganye a tafi. Ya ɗauki puchka, ɗan soyayyen dunƙulen fulawa mai rami a ciki, ya huda ta da babban yatsa, ya cusa dankalin da ya dama da barkono, ya tsoma ta a tukunyar ruwan tsamiya, ya ɗora wa na farko, ya wuce na biyu. Kafin ka haɗiye ya zagayo kanka. Amma duk yawan masu jira, ba ya buɗe ciniki sai Jethu ya ɗanɗana ruwan. Asalin abin wai mura ce ta taɓa toshe wa Baijnat hanci tun kafin a haife ni, ya miƙa wa wani kwandasta da ke wucewa ludayi. Kwandastan ya ce a ƙara gishiri. Ranar kafin duhu kwando ya ƙare. Baijnat mutum ne mai camfi, shi ke nan abu ya zauna.

"Dada, yau fa?" in ji Baijnat. Dada yake ce masa, wato yaya.

Jethu ya kurɓa, ya lumshe ido, ya bar mutane suna haɗiyar miyau.

"Tsamiyar barci take. Tashe ta da lemo."

"Kullum sai ka samo mata laifi. Jiya barci, shekaranjiya rowa."

"In ba ka so, nemi wani harshen."

"A ina? An daina yin irinsa, kamar taram ɗinku."

Tun ina 'yar goma na gano wani abu. Sau da yawa in Jethu ya ce a ƙara gishiri, Baijnat yakan kai yatsu bakin gwangwani, ya yarfa su a kan tukunya, alhali babu ko ƙwaya a ciki. Jethu ya sake kurɓa ya ce, "Yawwa, yanzu ta yi." Na daɗe ina ɗauka wayo ake yi wa Jethu. Sai da na girma na lura idon Jethu a buɗe yake lokacin yarfawar.

Wanda ya jawo baƙi lungunmu kuma shi ne da kansa. Tuhina, ƙawata tun firamare, ta kama sana'ar zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido a ƙasa: su ci soyayyen gauta a nan, alewar madara can, su sha shayi a kofin yumɓu. Wata rana Jethu ya tare ta a hanya.

"Ke 'yar gidan Mitra, na ji wurin wancan na bakin kasuwa kike kai mutane? Ai ruwan wanke-wanke yake sayarwa. Kawo su wurin nawa."

Nawa ya ce. Na ji da kunnena.

Makon farko ya fi kowa murna. Ya sa Jethima ta goge masa farar riga, ya tsaya yana nuna wa wata doguwar Baturiya yadda ake jefa puchka baki gaba ɗaya. Ta gatsa rabi, ruwa ya bi mata gwiwar hannu, lungu ya ɗauki dariya, Jethu ya fi kowa.

Sai Tuhina ta mai da zuwansu ƙarfe huɗu, don su samu hasken hoto a bakin kogi daga baya. Baijnat ya sayi tukunya ta biyu, ta baƙi, da ruwan gora da barkono ɗan kaɗan kamar an yi rantsuwa. Ranar Laraba Jethu ya iso biyar daidai kamar kullum, ya tarar da kwanukan ganye jiƙaƙƙu zube cikin bokiti, tukwane biyu a buɗe.

"Wa ya ɗanɗana?"

"Dada, sauri suke yi. Ni na taɓa da kaina."

"Hancin ya buɗe ke nan."

Baijnat ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya miƙa masa ludayi, Jethu ya kurɓa ya ce babu laifi. Tunda suke bai taɓa cewa babu laifi ba, amma Baijnat yana can yana ba shi labarin wani Bajapane da ya ci ashirin da huɗu har da yi masa ruku'u.

Washegari Jethu ya fita huɗu saura. Bai amfane shi ba. Baƙi tara da Tuhina sun cika da'ira, shi ya faɗo na ƙarshe, bayan wani saurayi mai jakar goyo da ke ta bugun haƙarƙarinsa da ita. Baijnat yana ta washe baki yana "wan mo, wan mo", Turancin da ya koya cikin kwana goma. Da ya zagayo kan Jethu, hannunsa ya riga ya saba, ya tsoma masa a tukunyar baƙi. Jethu ya tauna, ya haɗiye, ya ajiye kwanon ganyensa a hankali ya dawo gida.

Bai ci shinkafarsa ba. Jethima, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba, ta tsaya a kansa da cokali.

"Kana ji na? Wai mutuwa aka yi?"

"Ruwan jarirai ya ba ni."

"To sai me? Ni shekara arba'in ina ba ka abin da na ga dama, ka taɓa yin yaji?"

"Ke daban."

"Ai na sani. Ni ba ni da gashin baki."

Bai fara da ƙarya ba, da motsin jiki ya fara. Ya koma zama a dakalin gidan farko na lungun, inda dole baƙi su bi ta gabansa. In sun zo, sai ya dafe ciki, ya girgiza kai, ya yamutsa fuska ga wanda ya haɗa ido da shi. Wasu suka riƙa cin ɗaya su ce sun ƙoshi. Hakan bai ishe shi ba, don har yanzu suna zuwa, har yanzu Baijnat yana musu dariya.

Sai ya kira Tuhina gefe. A ƙofar gidanmu ne, ina daga ciki ina shanya kaya.

"'Yata, ba don ke ba ce da ba zan faɗa ba. Ruwan gorar nan na ganin ido ne. Gorunan kawai yake saya. A famfon bakin titi yake cika su."

Duk ɗan Kolkata ya san famfon da yake nufi, mai tofo ruwan kogi ja wur, wanda ake wanke titi da tasi da shi.

"Jethu, ka tabbata? Kai fa ka kawo ni."

"Shi ya sa abin yake ci na."

Wannan kam ba na jin ƙarya ce. Abin yana cin sa ɗin, ba dai wanda ya faɗa ba.

Ni ma ga nawa: ban fita na ƙaryata shi ba. Na ce wa kaina girmansa nake kiyayewa. Gaskiyar ita ce ina son in ga iyakar inda zai kai.

Tuhina ta ɗauke baƙinta ta mayar bakin kasuwa. Baijnat ya koma ƙarfe biyar da tukunya ɗaya. Kwana goma da suka biyo baya ban taɓa ganin Jethu cikin walwala irinsu ba. Ya ci, ya yi wanka yana waƙa, har ya saya wa Jethima furen kitso, ta karɓa tana dubansa kamar wanda ya taɓu. Da yamma ya ɗanɗana ruwa, ya yanke hukunci, ya zauna kan kwandon da aka kife yana lallashin abokinsa.

"Rabu da su. Baƙo ai na wucewa ne. Mu ne naka."

Yana faɗa yana dafa masa kafaɗa, da tausayi na gaske. Wannan ne ya fi ba ni tsoro: ya ji wa mutum ciwo don ya samu damar yi masa jinya, kuma jinyar da zuciya ɗaya yake yin ta.

Abin da bai lissafa ba shi ne Tuhina tana da uwa, uwar kuma tana da baki. Zancen famfo ya bi lungu gida-gida. Matan unguwa suka hana 'ya'yansu, 'yan matan kwaleji suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen titi. Baijnat ya fara komawa da rabin kwando, puchka kuwa in ta kwana biyu ta yi laushi sai zubarwa. Wata yamma ya ce wa Jethu in abin ya kai ƙarshen wata haka, zai koma garinsu ya kama noma da ƙanensa. Jethu ya shigo gida fuskarsa kamar toka.

Ranar Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, na ga Baijnat da wankakkiyar riga, hannunsa a bushe, abin da ban taɓa gani ba. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa taka ƙofarmu ba. Ya cire takalmi, ya ƙi kujera, ya ƙi shayi.

"Dada, na je wurin yarinyar nan na tambaye ta laifina. Ta ce wanda ya fi kowa sanina ne ya faɗa mata."

Jethu ya ninke jarida, ya sake ninkewa.

"Mutum ɗaya ne ya san ni a garin nan," in ji Baijnat.

Jethima ta fito daga kicin ta jingina da ƙofa.

"Tsoma min ka yi a tukunyarsu," in ji Jethu. Abin da ya iya cewa ke nan.

"Na tsoma. Da ka mare ni a wurin, da ya fi min." Ya juya ya saka takalmi. "Ta yarda za ta dawo da su gobe ƙarfe huɗu, in kai ka sha a gabansu. Tukunya biyun duka. Ba gobe kaɗai ba."

Ya sha. Ina wurin. Rabin lungu ya fito kallo. Tuhina ta tsayar da shi a tsakiya kamar abin gwanjo, ta ce wa baƙi wannan dattijo shekara talatin da ɗaya yana shan ruwan nan kullum, ga shi garau. Jethu ya kafa kai ya shanye ludayi na farko, ya shanye na biyu, sannan ya juya ga matan unguwa ya ce da ƙarfi zancen famfo shi ya ƙirƙira. Wannan ba ya cikin sharaɗi. Wata tsohuwa ta ce, "Tir, da furfurarka!" Baƙi ba su ji me aka ce ba, suka tafa.

Yau shekara biyu ke nan. Ciniki ya dawo har ya fi da. Jethu ya zama wani ɓangare na zagayen, Tuhina har sunansa take sawa a talla. Baƙi suna son sa, da farar rigarsa da labarin taram. Wani lokaci sukan miƙa wa Baijnat waya ya goge hannu ya ɗauke su hoto da Jethu. Shi ake fara ba ludayi, shi ake fara ɗora wa puchka, babu ranar da aka tsallake shi. Baijnat yana miƙa masa da ladabi, yana ce masa "ranka ya daɗe", idonsa a kan tukunya. In baƙi sun tafi, sai ya kama wanke hannu har Jethu ya gaji da tsayuwa ya taho.

Makon jiya na same shi a ɗaki ƙarfe uku da rabi, yana taje 'yan gashin da suka rage masa.

"Jethu, yanzu ai ka samu abin da kake so. Kai ne na farko, duniya ma ta sani."

Bai juyo daga madubi ba.

"Kin san sabon mai shayin nan na tsallaken titi?"

"Mai ɗingishi?"

"Jiya da na baro, na waiwaya. Ya tsallako, suna tsaye shi da Baijnat. Dariya Baijnat yake yi har da riƙe turke." Ya ajiye matajin. "Ke da kike da ilimi, gaya min. Me mai shayi zai faɗa da zai ba mutum dariya haka?"