Waƙar Baturiya a Gaban Surukina

Ina durƙushe ina zuba wa surukina shayi, sai na jiyo Mama a kicin ta ɗauko waƙar Baturiyar nan.

A gidanmu na Unguwar Kanawa ne, ƙarshen shekarun tamanin, ina sabuwar amarya, shi kuma ya zo duba Baba. Waƙar tana cikin wani tsohon faifan garmaho na Baba, wata mawaƙiyar Ingila mai barkwanci tana rerawa, 'yan kallo na ƙyaƙyatawa. Mama ba ta jin Turanci, amma ta haddace ta tsaf. Ni kuwa na san duk habaicin batsa ne.

Surukina kuma tsohon malamin Turanci ne, ga carbi a hannu.

Na ruga kicin. "Mama, don Allah ki yi shiru! Kin san me take cewa?"

"Oho. Amma yadda mazan nan ke dariya, ai ba wa'azi take ba."

Na koma wurin surukina. Sai da ya zo sa takalmi ya ce, "Ki gaya wa Hajiya, ai ta manta baiti na biyu."

Har ya rasu ban ƙara haɗa ido da shi ba. Ku da me za ku ce masa?