Ruwan Alwalar Inna

Na tsani ayabar nan tun ranar da Yaya ya sauko da ita daga bayan motarsa a Ƙofar Jatau, cikin wata tukunyar roba mai ƙyalli. Shi ne babban wanmu, a Abuja yake, ba ma ganin ko ƙeyarsa sai da sallah. Wai ta cikin ɗaki ce, za ta gyara wa Inna iska. Ya girke ta gindin tagar mahaifiyarmu, ya ɗauki hoto, ya kama hanya. Ni da na baro gidan mijina a Gyallesu na dawo jinya, sai ga shi an ƙara mini majinyaciya ta biyu.

Ga iyayi. Ba ta son rana, ba ta son duhu, a goge mata ganye, a juya ta. Sauro kuwa ya samu masauki. Da son raina ne, da tuni akuyar maƙwabta ta yi walima. Inna ce ta hana. Tunda ƙafa ta ƙi, a bakin gado take alwala cikin kwano, in ta gama ta ce, "Kar ki zubar a rariya, ba 'yar ɗakina." Da ruwan alwala ayaba ta yi ɓul-ɓul, ganye kamar tabarma, Inna kuwa tana ta ramewa.

Duk Juma'a Yaya zai kira ta bidiyo. Gaisuwa biyu, sai, "Juya mini wayar in ga ayabata." Haushi kamar in haɗiyi zuciya.

Da jiki ya tsananta, ruwa ya gagari Inna, na kawo mata dutse ta koma taimama. Kwano ya bushe. Ni kuma na ƙi ɗiga wa ayabar komai, da gangan. Na yi ta roƙon Yaya ya zo har bakina ya gaji, kullum aiki. Na ce to, bari ganyen ya faɗa masa, tunda shi yake kallo.

Ya kuwa gani.

"Ke, me ya sami ayabar nan? Duk ta yanƙwane!"

"Yaya, ruwan alwalar Inna take sha. Inna ba ta iya alwala yanzu."

Na ƙura wa wayar ido, ina jira ya ce ga shi nan tafe. Inna ma ta juyo da kanta a hankali wajen muryar ɗanta.

"To, ki riƙa zuba mata na famfo mana," in ji shi.